Hauren da Dasashi Ya Tsinta a Cikin Tsakuwa

Na san Dasashi ne a shekarar 1969, shekarar da na fara koyarwa, kuma shekarar da na faɗi da keke a gangaren bayan makaranta na bar haƙorana na gaba biyu a kan kwalta. Shugaban makarantarmu ya ce ba zai bar malami ya tsaya gaban yara iska tana fita daga kowace kalma ba, ya tura ni asibitin mishan. Likita ya duba, ya ce aikin ba nasa ba ne, in tafi ɗakin ƙarshe, kusa da inda ake wanki. A can na tarar da wani saurayi siriri, farin gari har gira, yana faɗa da wani tsoho da ya ajiye haƙoransa na roba a bakin murhu suka lanƙwashe. Ban gama gaisuwa ba ya ce in buɗe baki. Ya leƙa, ya ce, "Ticha, haƙora sun tafi, amma dasashinka lafiyayye ne." Duk wanda ya shiga ɗakin nan sai ya ji hukuncin dasashinsa kafin a tambayi sunansa. Da haka sunan ya bi shi, har matarsa, Allah ya jiƙanta, da shi take kiransa idan ranta ya ɓaci.

Ina iya ganin ɗakin har yanzu. Doguwar benci ta katako, ƙaramar fitilar sifirit da yake narka jan kaki a kanta, injin gogewa mai feda, da kanta inda ya jera siffofin bakunan mutane da ya zuba da farin garin filasta, kowane da sunan mai shi da fensir. Haƙoran roba kuwa a kan kati suke zuwa, an jera su daga mai hasken madara zuwa mai duhun shayi, sai ya ja mutum bakin taga ya yi ta gwadawa har ya dace da launin na bakinsa. Asibitin wancan lokaci yana da tsabta da tsari, ana buga ƙararrawa a kan lokaci, kuma ma'aikaci ba ya jin kunyar aikin hannunsa. Da aka rufe ɗakin bayan shekaru, ya sayi injin da bencin, ya fasa ƙofa a gaban gidansa ya ci gaba.

Mafaɗaci ne, ba zan ɓoye ba. Ya taɓa korar wani babban ɗan kasuwa daga shagon don ya ce a sa masa haƙora farare fat irin na talla. Dasashi ya ce masa shi bakin mutum yake gyarawa, ba bangon banɗaki ba. Amma ban taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi ba. Bai sayi mota ba, bai gina bene ba. Abin da ya tara a shekara hamsin shi ne, idan aka ce aikin Dasashi ne, ba a ƙara tambaya. Wannan ne aka taɓa masa a ƙarshen rayuwarsa, kuma dalilin da ya sa na ɗauki biro ke nan, don har yau raina bai huce ba.

Shekara uku da suka wuce dakalin ƙofar shagon ya tsage, ya sa aka kawo masa tsakuwa a tifa. Yana watsa ta da shebur sai ya ga wani abu mai tsini, baƙi-baƙi, mai ƙyalli. Ya wanke shi da burushin aikinsa. Da yamma na zo zaman da na saba, na tarar ya ɗora shi a kan farin ƙyalle yana kallo. Na auna da rula: inci huɗu da rabi, ya ɗan lanƙwasa, da siraran layuka daga gindi zuwa tsini. Nauyinsa nauyin dutse, in ka ƙwanƙwasa ƙarar dutse, amma ko yaro ya gani ya san daga bakin wani abu ya fito. Dasashi ya ce ya san na mutum, ya san na kare da na doki, wannan kuwa bai san mai shi ba, kuma ba zai yi barci mai daɗi ba sai ya sani.

Matar ɗansa ce ta kawo shawarar intanet. Amarya muke kiranta, ko da yake ta fi shekara goma a gidan, da 'ya'ya uku. A kantin magani na bakin titi take aiki, mijinta kuwa direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana gida ba, saboda haka ita ce ke kula da tsohon, abincinsa da maganin hawan jininsa. Ta ce akwai wani zaure a intanet na masu sha'awar ƙasusuwan dabbobin dā da suka zama dutse, mutum dubbai daga ƙasashe daban-daban, kana sa hoto su gaya maka ko mene ne. Da Turanci ake magana a ciki, amma wayarta tana fassara. Na ce in rubuta musu da kaina. Dasashi ya ce a'a, Turancina jela gare shi, kafin in kai ƙarshen jimla mutanen sun tashi.

Ta ɗauke shi hoto a ƙofar shago, abin a tafin hannunsa, allon shagon a bayansa. Ta zauna ta fara rubutu tana karantawa a fili: ga wani haƙori da surukina ya tsinta. Nan ya tsayar da ita.

"Wane irin haƙori? Haƙori shi ne abin da ke bakinki. In ya yi tsini, fiƙa. In ya wuce tsawon yatsa, haure ne. Rubuta haure."

"Baba, haure ai na giwa ne."

"Giwa ta saye kalmar ne? Gyadon daji ba shi da haure? Ke magani kika sani, ni baki na sani. Goge."

Ta yi dariya ta goge. Ya ƙara mata da cewa ta gaya musu ya shekara hamsin yana wannan sana'a, yana da su cike da durowa, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Haƙoran roba yake nufi. Daga ƙarshe ya ce ta tambaye su nawa zai kai. Shekaru yake nufi. Ta danna fassara, ta aika, muka sha shayi.

Daga baya na karanta abin da injin fassarar ya fitar, kuma ban ga laifin injin ba, abin da aka ba shi ya niƙa. Haure ya mayar da shi kalmar da ake kiran hauren giwa na fatauci. Sai saƙon ya zama na wani tsoho da yake cewa ya shekara hamsin yana sana'ar hauren giwa, yana da shi cike da durowa, nawa za a saya. Laifin da nake gani na mutane ne. Hoton yana gabansu. Mutanen da suke taƙama da sanin ƙashi, da ɗayansu ya buɗe hoton ya duba da kyau, da ya ga baƙin dutse ne. Amma rubutu suka karanta, ransu ya tashi, kowa ya shiga neman kalmar da ta fi ta ɗan'uwansa zafi. Suka kira shi makashin giwaye, suka kira shi ɓarawo, wani ya ce a ɗaure shi ya mutu a kurkuku. Shugaban zauren, wani mai hoton kansa da gilashi a goshi, ya kori Amarya da surukinta daga zauren, sannan ya ɗauki hoton ya manna a wani shafi da kowa ke gani, da allon shagon a fili, ya rubuta cewa ga irin mutanen da ba a so. Bai tambaya ba. Tambaya guda, ta layi ɗaya, ita ce abin da ya gagare shi.

Hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya dawo layinmu. Mai aski ne ya fara nuna wa mutane. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, lokacin da layin ya cika, wata mota mai tambari ta tsaya a ƙofar shagon, ma'aikata biyu daga ofishin da ke kula da namun daji suka sauko. Suka zazzage durowoyin a kan benci, haƙoran da ya jera bisa launi suka watse har ƙasa. Suka fasa bakin filasta guda don su ga ko an ɓoye wani abu a ciki. Dasashi ya miƙa musu abin da ya tsinta. Babban cikinsu ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a ƙarfen taga, ya ce wa ɗan'uwansa wannan ai dutse ne, an sa sun ƙona mai a banza. A cikin shago ya faɗi haka, a hankali. Dasashi ya roƙe shi, mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba, ya ce ya fita ya maimaita wannan magana a gaban jama'a. Ma'aikacin ya ce ba aikinsa ba ne, suka shiga mota suka tafi. Layi ya ga zuwansu, bai ji abin da suka ce ba.

A nan ne Dasashi ya yi abin da ya fi komai muni a wannan labari. Amarya ta ji labari ta baro kanti a guje, ta iso ƙofar gida mutane na tsaye. Ya juyo ya gan ta, ya nuna ta da yatsa, ya ɗaga murya yadda har bakin titi an ji.

"Ga ta nan. Ita ta kai ni. Ita ta rubuta, ita ta sa hotona a duniya. Ki zo ki kwashe shagon tunda shi kike so."

Ta durƙusa ta fara tsince haƙoran da suka faɗo bakin ƙofa tana zubawa a gefen mayafinta.

Daga ranar layin ya samu labari biyu, kuma ya riƙe su da hannu biyu. Na farko, wai ashe duk shekarun nan da hauren giwa Dasashi yake sassaƙa wa mutane haƙora, shi ya sa aikinsa ba ya lalacewa. Ƙwarewarsa ce ta zama shaida a kansa. Mutanen da ya mayar wa dariya a fuska suka daina tsayawa a ƙofarsa. Wata tsohuwa ta aiko jikarta da haƙoranta a ƙulle cikin leda, wai ba za a kama ta da kayan laifi a baki ba. Ni kaina mai aski ya ce in yi hankali da dariya kada a kama ni. Na ce masa in ya gama aski ya yi shiru, harshensa ya fi rezarsa yanka, kuma duka biyun ba ya wanke su. Labari na biyu kuwa, wai Amarya ce ta kai ƙarar surukinta don ta gaji shagon ta buɗe nata kantin. Wannan ba su ƙirƙira ba, daga bakinsa suka ɗauka. Mata suka koma sayen magani a wani kanti. Wadda ta shigo dole sai ta ajiye kuɗi a kan kanta, ba ta miƙa mata a hannu ba.

Na je na same shi. Na ce masa ina zaune a wurin lokacin da ta rubuta haƙori ya sa ta goge. Ya ce in tashi in bar masa shago. Na tashi. Mun shekara hamsin muna faɗa, amma wannan ne karo na farko da na fita ban ce sai gobe ba.

A cikin gidan kuwa Amarya ba ta fasa komai ba. Abinci a kan lokaci, magani a kan lokaci, gaisuwa da safe a durƙushe. Sai dai daga gaisuwar ba ta ƙara kalma. Mijinta ya dawo ya so ya yi magana, ta hana shi. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, ta buɗe sabon suna ta koma zauren da aka kore su. Wata rana tsohon ya tafi asibiti, ta ɗauko abin ta ɗora a farin ƙyalle, ta sa rula a gefe, ta ɗauke shi ta kowace fuska, har da gindinsa. Ta kawo mini rubutun in duba mata Turancin. Jimla huɗu ne. Ta bayyana ma'anar kalmar haure, ta ce surukinta haƙoran roba yake haɗawa, ta ce shekaru yake tambaya ba kuɗi ba, ta roƙi a dubi hoton kawai. Ban gyara mata ko waƙafi ba.

Zagi ya sake tasowa, wannan karon a kanta. Wasu suka ce ƙarya ce aka shirya bayan an kama su. Amma wata mata, wadda ta ce ita malamar firamare ce mai ritaya a wata ƙasa mai nisa, ta tsaya ta duba. Ta ce hauren giwa ba shi da irin waɗannan layuka, ba shi da wannan rufi mai ƙyalli, ta nemi a ƙara haska gindin. Amarya ta haska da tocilan waya, sai ga rami a ciki mai siffar mazurari. Wani mutum mai aikin haƙar ma'adinai ya shigo ya ce ya sha ganin irinsa. Suka yi ta ja da juna, su biyu da wasu uku, kan ko na kada ne ko na wata dabbar ruwa mai kama da shi, kowa yana kawo hoton nasa. Na karanta wannan muhawara da daɗi, don ita ce abin da ya kamata a yi tun farko. Daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa na wani irin kada ne na zamanin dā, ƙato ƙwarai, wanda ya ɓace tun kafin a yi mutum, shekaru miliyoyi. Ramin gindin kuwa, in ji malamar, nan ne sabon haƙori yake tsirowa ya turo tsohon, don kada yana sake haƙora muddin ransa.

Shugaban zauren ya goge hoton da ya manna. Shi ke nan abin da ya yi. Bai ce ya yi kuskure ba, bai ba da haƙuri ba. Ya ma rubuta cewa ya kamata sababbin shiga su riƙa kula da kalmominsu. Na rubuta masa amsa mai tsawo, Amarya ta karanta ta ce in bari, kada a sake korarta.

Ita ta kai wa tsohon. Ta ajiye wayar a kan benci, ta ce, "Baba, sun faɗi mai shi," ta koma cikin gida. Ya aiko aka kira ni in karanta masa, kamar ba shi ya kore ni ba. Na karanta tun daga jimlolinta huɗu har ƙarshe, ban tsallake zagin da aka yi mata ba, da gangan. Da na kai maganar sake haƙora sai ya ce, da mutane haka aka yi su da yunwa ta kashe shi tuntuni. Na jira ya ƙara wani abu. Ya ɗauki burushi ya shiga goge bencin da ba datti a kansa.

Sunansa ya dawo, amma a hankali, kuma ba duka ba. Labarin ƙaton kada ya fi na giwa daɗin faɗi, sai layin ya koma kansa. Malaman makarantar da ke bayanmu suka zo kallo. Mai aski ya shiga gaya wa mutane cewa shi dama bai taɓa yarda ba. Tsohuwar nan ta aiko a ba ta haƙoranta, tana fama da tauna. Ba wanda ya zo ya ce mun zalunce ka. Suka dawo kawai suna gaisuwa, kamar tafiya ya yi. Ita kuwa Amarya, ba abin da kada ya wanke mata. An yarda tsoho ba ɓarawo ba ne, sai laifinta ya ƙaru: ashe ma marar laifi ta kai ƙara. Na yi ta faɗa a inda na samu, amma an san ni abokin gidan ne, maganata ba ta da nauyi. A lokacin na fi jin haushin Dasashi fiye da mutumin gilashi, don shi wancan bai san ta ba, bai taɓa cin abincin hannunta ba.

Bara Dasashi ya rasu, bayan gajeriyar jinya, ita ce a kansa. Ban taɓa jin ya ba ta haƙuri ba, ita ma ta ce bai taɓa ba. Na dai lura, tun kafin rasuwar, mata sun koma kantinta, har suna tsayawa hira. Na ɗauka mantuwar mutane ce.

Bayan rasuwar da 'yan watanni na je aski, don duk da harshensa ba wani mai askin a kusa. Yana cikin aiki ya tambaye ni ko ni ma tsohon ya zo gidana. Na ce ya zo yin me. Ya tsayar da reza, ya ce ashe ban sani ba. Wai bayan maganar kada ta lafa, Dasashi ya riƙa rufe shago da rana, lokacin da Amarya take kanti ni kuma ina barcin rana, ya ɗauki sandarsa ya shiga gida-gida. Duk gidan da muryarsa ta kai ranar da motar ta zo, ya shiga, daga ƙofarsa har bakin titi, hagu da dama, da gwiwoyin nan nasa da ba sa hawa dakali. Ba ya zama, ba ya shan ruwa. Sai ya ce a kira masa matan gida, ya cire hula, ya ce yarinyar nan haƙori ta rubuta, shi ya sa ta goge ta rubuta haure, ba ta kai shi ko'ina ba, ƙarya ya yi mata a gaban mutane don ya ji kunya, kuma ita ta wanke shi. In ya gama sai ya ce kada kowa ya gaya mata cewa ya zo.

Na tambayi mai aski ko shagonsa ma ya shigo. Ya ce shi ne na ƙarshe. Tsohon ya zo ya zauna a bencin jira, aka ce ya zo a yi masa, ya ce ba aski ya kawo shi ba. Ya jira har shagon ya cika, sannan ya miƙe ya faɗa. Da ya gama ya dubi mai aski ya ce, "Kai ka iya kai magana. Kai wannan."

Na ce, to ka kai?

Ya ce ya kai. Ya ci gaba da askin.